Kafin ka zuba maganin saurin girma a abincin aladu

Haɗa abincin dabbobi ne sana'ata, kuma tambayar da masu kiwon aladu suka fi kawo mini ita ce, "Me zan zuba su yi saurin girma?" Ba na ganin laifin mai tambayar. Abinci ne ke lashe kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon alade, don haka duk satin da ka rage kafin dabba ta kai nauyin yanka, kuɗi ne ya tsaya a aljihunka. Sai dai abubuwan da ake ƙarawa ba hanya ɗaya suke bi ba. Wasu a hanji suke aiki, wasu a tsoka, wasu kuma ba sa yin komai sai ƙara wa buhu tsada. Wanda ya ɗaga sikeli ma ba lallai ne ya faranta wa mahauci ko mai cin naman ba. Shi ya sa nake son mai kiwo ya auna abu sau biyu, da sikeli tun dabbar tana tsaye, da wuƙa bayan an yanka.

Da farko ka duba abin da ba a sayarwa a leda. Alade na shan lita biyu zuwa uku na ruwa a kan kowane kilo na busasshen abinci, in ruwa ya yi ƙaranci kuwa cin abinci yake ragewa. Ka duba cunkoso, ka duba tsutsar ciki, ka shinshina hatsin ka ji ko ya yi fumfuna. Sannan ka zo kan laisin, sinadarin furotin da ya fi saurin ƙarewa a abincin da aka gina kan masara. Ɗan alade da aka yaye yana buƙatar wajen kashi 1.2 zuwa 1.35 cikin ɗari na abincinsa, wanda ya kusa yanka kuma wajen kashi 0.7. In laisin bai kai ba, tsoka ba za ta ginu ba ko me ka zuba, ragowar abincin kitse zai koma. Mafi yawan garkunan da aka kira ni don "ba sa girma", a nan matsalarsu take, ba a rashin magani ba.

Lokacin yaye

Idan akwai lokacin da ƙari yake biyan kuɗinsa, to sati biyu zuwa huɗu na bayan yaye ne. An raba ɗan alade da nono, an haɗa shi da baƙi, an ba shi busasshen abinci alhali cikinsa bai fara fitar da ruwan tsami sosai ba. Sai ya ƙi cin abinci kwana ɗaya ko biyu, hanjinsa ya yi rauni, zawo ya biyo baya.

Abin da aka daɗe ana dogaro da shi a nan shi ne zink oksaid mai yawa, wato giram 2,000 zuwa 3,000 na zink a tan ɗaya na abinci, na tsawon sati biyu kacal. Yana tsayar da zawo, wannan ba a musu. Amma mafi yawansa ta kashi yake fita, ya taru a ƙasar da aka zuba takin, kuma an gano yana taimaka wa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani su yawaita. Tarayyar Turai ta hana wannan yawan daga watan Yunin 2022, ta bar iyakar giram 150 a tan. Inda doka ta yarda, shawarata kada ka wuce kwana 14. Bayan nan ba ya ƙara komai, sai ma ya fara hana jiki ɗaukar tagulla da ƙarfen jini.

Ita kuwa tagulla, labarinta ya fara ne a Ingila, inda wani masani mai suna Braude ya lura aladu suna lasar ƙarafan tagulla da ke ɗakinsu, gwaje-gwajen shekarun 1950 kuma suka tabbatar tana ƙara girma. Ana ba ta giram 125 zuwa 250 a tan, galibi ta hanyar shuɗin gishirin nan na kofa salfet. Kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin gishirin ne tagulla, saboda haka rabin kilo a tan zai ba ka 125. Za ka ga kashin aladun ya yi baƙi, kada ka tsorata. Amfaninta ya fi fitowa a ƙanana, yana raguwa yayin da suke girma, kuma in ka ci gaba da ba da ita da yawa har yanka, kitsen yakan yi laushi. Wani abin da ba a cika faɗa ba: tumaki ba sa jure tagulla. Kada ragowar abincin aladu ya je bakin tunkiya, hantarta za ta tara shi har ya kashe ta.

Akwai kuma sinadaran tsami, irin su fomik da benzoyik, waɗanda ke taya cikin ɗan alade aikin da bai iya ba tukuna. Benzoyik ana sa shi wajen kilo biyar a tan. Ina son su domin ba sa barin komai a nama. Ƙwayoyin hanji masu amfani da ake sayarwa a gari, da man tsirrai masu ƙamshi, sakamakonsu hawa da sauka yake yi: wani garke ya ga bambanci, wani bai gani ba. Ba na hana su, amma ba na saya sai na gwada. Faitas daban yake. Wajen kashi biyu cikin uku na fosfaras ɗin hatsi a ɗaure yake, hanjin alade ba ya iya kwance shi, faitas ne ke kwancewa. Tun da aka fara sayar da shi a Holan a 1991 ya zama ruwan dare. Ba maganin ƙiba ba ne kai tsaye, amma yana rage maka kuɗin fosfaras, ƙashi ya yi ƙarfi, ba ya kuma taɓa ingancin nama.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin lafiyayyar dabba

Wannan al'ada ta samo asali ne daga ƙarshen shekarun 1940 a Amurka. Thomas Jukes da Robert Stokstad suna neman tushen bitamin B12 mai arha, sai suka ciyar da kaji ragowar dusar da aka haɗa maganin oriyomaisin a cikinta, kajin suka yi girma fiye da abin da bitamin zai iya bayarwa. Ɗan maganin da ya rage a dusar ne ya yi aikin. A 1951 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a riƙa sa shi a abincin dabbobi. Yadda yake aiki shi ne, yana danne ƙananan cututtukan da ba sa kwantar da dabba amma suna cin ƙarfinta, bangon hanji ya yi siriri, abinci ya fi shiga jiki.

Alƙaluman da aka tattara daga tsofaffin gwaje-gwaje sun nuna ƙarin girma na wajen kashi 16 cikin ɗari a 'ya'yan da aka yaye, amma kashi 4 kawai in aka haɗa dukan lokacin girma har yanka. A gonakin zamani masu tsafta, inda ake kwashe rukuni gaba ɗaya a wanke ɗaki kafin a zuba wani, ribar a manyan aladu ta kusa ɓacewa. Wato ƙazanta ce maganin yake rufewa. Duk wanda ya gaya maka ya ga babban bambanci a manyan aladu, ka leƙa ɗakinsu.

Illarsa ba a ɗanɗanon nama take ba. Biyu ce. Ta farko, ragowar magani a hanta, ƙoda da tsoka idan ba a kiyaye kwanakin janyewa ba, wato kwanakin da ake jira bayan daina ba da magani kafin a yanka. Ta biyu kuma ta fi girma: ƙwayoyin cuta suna sabawa da ƙaramin awo, su daina jin magani, su kuma iso ga mutane. Rahoton Swann a Birtaniya ya yi wannan kashedin tun 1969. Suwidin ta hana a 1986, Tarayyar Turai gaba ɗaya daga 1 ga Janairun 2006, Amurka ta cire magungunan da ke da muhimmanci ga lafiyar ɗan Adam daga jerin masu ƙara girma a Janairun 2017. A 2015 aka ba da rahoton gano wata ƙwayar gado a aladun ƙasar Sin, wadda ke sa cuta ta bijire wa kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa don ranar da sauran suka gaza. Sin ta cire kolistin daga abincin ƙara girma a 2017, ta hana sauran a 2020.

Denmak ce misalin da ya fi amfanar mai kiwo. Da suka daina a ƙarshen shekarun 1990, manyan aladu ba su nuna wani koma baya ba, amma zawon yaye ya ƙaru, aka ƙara yawan maganin jinya na wani lokaci, har sai da suka gyara tsarin yaye da abinci. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya ƙiyasta ƙarin kuɗin kiwo da wajen kashi ɗaya cikin ɗari. Matsayina a nan a fili yake: alade mara lafiya a kira likitan dabbobi a ba shi cikakken magani, lafiyayye kuwa a ƙyale shi. In ka ga sunan kabadoks, olakwindoks ko wani abu mai asenik a jikin buhu, ka mayar. Turai ta hana na farko da na biyu tun ƙarshen shekarun 1990 saboda fargabar ciwon daji, masu asenik kuma an janye su daga kasuwar Amurka.

Raktofamin

A nan ne gardamar take, kuma a nan ne girma da ingancin nama suke jan juna. Raktofamin ba homon ba ne, ba kuma maganin cuta ba ne. Dangin magungunan asma ne, yana kwaikwayon sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin firgita. Aikinsa karkatar da abinci: yana sa tsoka ta ƙara ginuwa, ya rage tara kitse. Amurka ta amince da shi ga aladu a ƙarshen 1999, ana sayar da shi da sunan Paylean, an kuma amince da shi a ƙasashe irin su Kanada da Barazil. Awon da aka yarda da shi a Amurka giram 5 zuwa 10 ne a tan, a kilo 20 zuwa 40 na ƙarshe da dabba za ta ƙara kafin yanka, cikin abincin da furotin ɗinsa bai gaza kashi 16 cikin ɗari ba.

Yana aiki, ba zan ɓoye ba. Girman yini da yadda abinci ke komawa nama duk sukan inganta da wajen kashi 10 cikin ɗari ko sama da haka kaɗan, tsokar gadon baya ta yi faɗi, nauyin gawa bayan an cire kayan ciki ya ƙaru. Amma akwai sharuɗɗa uku da masu talla ke tsallakewa.

Na farko, ƙarfinsa a sati biyun farko yake, daga nan ya fara sanyi, bayan sati huɗu zuwa biyar jiki ya saba da shi. Wanda ya fara ba da shi wata uku kafin yanka kuɗinsa ya zubar. Dole ka san ranar yanka, ka ƙirgo baya kwana 21 zuwa 28. In kuma ka daina ba da shi ka riƙe aladun, ribar za ta fara zubewa. Na biyu, sai ka ɗaga laisin sama da na abincin ƙarshe da ka saba, kusa da na matasan aladu. Ba da raktofamin a kan abinci mara laisin tamkar ƙaro magina ne ba ka ƙaro bulo ba. Na uku, dabbar tana canja hali. Zuciyarta na bugawa da sauri, tana saurin firgita, tana wahalar kora. Takardar maganin da kanta ta yi gargaɗin cewa za a iya samun ƙarin aladun da suka ji rauni ko suka gaji suka kasa tashi lokacin kai su kasuwa. Ka haɗa wannan da zafin rana, duka, da doguwar tafiya a mota, za ka sauke gawa. Ba a kuma ba wa waɗanda za a bari don haihuwa.

A wajen nama, sauyin ba mai girma ba ne a ƙaramin awo, amma yana nan. Zaren tsoka yana yin kauri, sinadaran da ke tausasa nama bayan yanka suna raguwa da aiki, shi ya sa na'urar auna tauri takan nuna naman ya ɗan fi tauri. Launinsa yakan rage ja. Tsaminsa da riƙon ruwansa ba sa canjawa sosai in an lallaɓa dabbar. Ga mai sarrafa nama da ke biyan kuɗi bisa yawan jan nama, wannan ciniki ne mai kyau. Ga mai saye da ke neman laushi da ɗan kitse a cikin tsoka, ka rage masa abin da ya zo nema.

Sai doka. Tarayyar Turai, Sin da Rasha ba su yarda da shi ba. A 2012 hukumar Kodes, mai tsara ƙa'idojin abinci na duniya, ta sa iyakar ragowarsa da ƙuri'a 69 a kan 67: maikirogiram (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) 10 a kilon tsoka da kitse, 40 a hanta, 90 a ƙoda. Ka lura da inda ya fi taruwa. Inda ake cin kayan ciki sosai, maganar ragowa ta fi nauyi, kuma wannan na cikin hujjojin ƙasashen da suka ƙi. Wajen 2019 da 2020 manyan kamfanonin yanka na Amurka da kansu suka daina karɓar aladun da aka ba shi, domin su iya sayar wa Sin. Saboda haka kafin ka saya, ka tambayi hukumar da ke rajistar magungunan dabbobi a ƙasarka, ka kuma tambayi mai sayen aladunka. In ɗayansu ya ce a'a, magana ta ƙare.

Raktofamin yana da wani ɗan'uwa da ba a ko tattauna shi, kilenbuterol. Shi yana daɗewa a jiki, yana taruwa a hanta, dafuwa ba ta kashe shi. Wanda ya ci sai rawar jiki, bugun zuciya, ciwon kai da jiri. A Sifaniya a 1990 mutane fiye da ɗari sun kamu bayan cin hantar shanu, a Shanghai a 2006 fiye da 300 bayan cin naman alade. Babu ƙasar da ta yarda a yi ƙiba da shi. Haɗarin shi ne yakan zo a farin gari mara suna, ana ce maka "maganin jan nama" ne. Duk ledar da ba ta da sunan sinadari, ƙarfinsa, lambar rajista, ranar lalacewa da kwanakin janyewa, kada ta shiga rumbunka.

Gaurayawa

Rabin ɓarnar da nake gani a nan take faruwa. Giram 10 a tan daidai yake da giram ɗaya a kilo 100. Kuma ka bambanta nauyin sinadari da nauyin garin da ke ɗauke da shi: in garin yana da giram 20 na sinadari a kowane kilo, rabin kilo ne zai ba ka giram 10 a tan. Ka mallaki ƙaramin sikelin giram, cokali ba ma'auni ba ne. Kada ka juye rabin kilo kai tsaye a kan tan guda. Ka fara gauraya shi da kilo biyar na niƙaƙƙiyar masara, wannan ka gauraya da kilo hamsin, sannan ka kai babban injin, a tsakiyar lodi, ba a farko ko ƙarshe ba. In ba haka ba, wani alade zai ci awon goma, tara su tashi a banza.

Bayan ka haɗa abinci mai magani, ka wuce da buhun masara zalla ta cikin injin ka ajiye shi gefe don rukunin da ke cin maganin. Ragowar da ke maƙalewa a lungun inji ta isa ta ɓata abincin aladun da ke dab da yanka. Ka kuma kiyaye haɗa maganin tiyamulin da magungunan monensin ko salinomaisin, waɗanda ake yawan samu a abincin kaji. In suka haɗu a jikin alade, tsoka suke lalatawa, dabba ta kasa tashi ko ta mutu.

Gwaji a garkenka

Gani ya kori ji. Ka ware aladu kashi biyu, aƙalla takwas ko goma kowane ɓangare, ka raba 'ya'yan uwa ɗaya tsakaninsu, maza da mata daidai, jimillar nauyi kusan ɗaya. Ɗaki iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, abinci iri ɗaya, abu guda ne kawai zai bambanta. In ka canja abu biyu a lokaci guda, ba za ka san wanda ya yi aikin ba. Ka auna nauyi ranar farko da kowane sati biyu, da safe kafin ci. In babu sikeli, ka auna zagayen ƙirji a bayan ƙafafun gaba da tsawon jiki daga tsakanin kunnuwa zuwa gindin wutsiya, duk da mita. Zagayen ƙirji sau kansa, sau tsawo, sau 69.3, zai ba ka kimanin kilo. Ba daidai yake ɗari bisa ɗari ba, amma in hannu ɗaya ke aunawa kullum, ya isa kwatanci.

Abincin ma a auna, wanda aka zuba da wanda ya rage. A ce a kwana 28 kowane ɓangare ya ci kilo 700, na farko ya ƙara kilo 220, na biyu 245. Na farko ya ci kilo 3.18 kafin ya ƙara kilo ɗaya, na biyu 2.86. Ribar kilo 25 ce. Daga kuɗin wannan kilo 25 ka cire kuɗin maganin, ka cire kuɗin ƙarin laisin, ka cire duk aladen da ya mutu ko aka rage masa daraja. Abin da ya rage shi ne gaskiyar lamarin. Bambancin kashi biyu ko uku cikin ɗari a kan aladu goma ba hujja ba ne, alade ɗaya da ya yi mura ya isa ya haifar da shi. Ka maimaita da rukuni na gaba, ka kuma musanya ɗakunan.

Bayan yanka

Ka san cewa awa 24 na ƙarshe za su iya rushe aikin wata biyar. Bayan yanka, sukarin da ke ajiye a tsoka yana komawa tsami, ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya sauko daga wajen 7 zuwa 5.5 ko 5.7 a hankali. In dabbar ta firgita dab da yanka, pH yana faɗowa ƙasa da 5.8 cikin minti 45 alhali gawar da zafinta, sai nama ya fito fari, laɓo-laɓo, yana tsiyayar ruwa. In kuma wahala ce doguwa, ta yunwa da faɗa da tafiya, sukarin ya ƙare tun da rai, pH ya tsaya sama da 6, nama ya yi duhu, ya bushe a ido, ya yi saurin lalacewa. Wasu jinsuna, musamman masu jinin Piyetiren, suna ɗauke da ƙwayar gadon da ke ƙara haɗarin na farkon. Don haka ka janye abinci awa 12 zuwa 18 kafin yanka amma ka bar ruwa, ka yi lodi da sanyin safiya, kada ka haɗa baƙin aladu a mota ɗaya, a bar su su huta awa biyu ko uku a mayanka. Duka ɓangarorin gwajinka su bi hanya ɗaya, rana ɗaya, in ba haka ba za ka ɗora wa magani laifin direba.

Bayan gawa ta kwana a sanyi, ka yanka gadon baya daidai haƙarƙarin ƙarshe. Ka auna kaurin kitse santimita shida da rabi daga tsakiyar baya, ka duba faɗin tsokar, launinta, da ko akwai siraran jijiyoyin kitse a cikinta. Wannan kitsen na ciki shi ke ba nama daɗi da romo, in ya gaza wajen kashi biyu cikin ɗari masu ci sukan ji bushewa. Ka yanki giram 100 daga kowane ɓangare, ka rataye a cikin leda ba tare da ya taɓa jikinta ba, kwana biyu a firji, ka sake aunawa. Asarar giram biyu zuwa biyar ba laifi, abin da ya haura haka alama ce ta nama mai zubar ruwa. Naman ciki kuwa ka ɗora shi a kan sanda ta tsakiya, fata a ƙasa. In gefunansa suka zube suka kusa haɗuwa, kitsen ya yi laushi, sai ka binciki tagulla da yawan mai a abinci. Alade kitsen da ya ci shi yake ajiyewa kusan yadda yake, shi ya sa man waken soya mai yawa ke sassauta kitse, garin kifi a watan ƙarshe kuma ke bar masa ƙarni.

Sannan ka dafa. Yanka masu kauri ɗaya, wuta ɗaya, ba kayan yaji, har tsakiya ta kai digiri 70. Ka ba mutum uku ko huɗu su ɗanɗana ba tare da sun san wanne ne wanne ba.

Akwai ƙarin da ba sa ɗaga sikeli ko kaɗan amma a wannan matakin suke nuna kansu. Bitamin E, miligiram 100 zuwa 200 a kilon abinci a makonnin ƙarshe, yana jinkirta ɓacin kitse, nama ya fi daɗewa da launinsa. Maganiziyam na 'yan kwanaki kafin yanka yakan kwantar da dabba ya rage zubar ruwa, ko da yake ba kowane gwaji ne ya nuna haka ba. In mai sayenka na ƙorafin nama na saurin canja launi a kan tebur, bitamin E zan fara gwadawa kafin komai.

Duk abin da ka zuba, ka rubuta a littafi: sunan sinadari, lambar buhu, awo, ranar farawa, ranar dainawa, da ranar da kwanakin janyewa suka cika. Ƙirgen yana farawa ne daga cin ƙarshe na abinci mai magani, ba daga ranar da ka daina haɗawa ba, saboda haka ka kwashe kwamin cin abincin ka wanke shi a ranar. Aladen da aka yi wa allura a tsakiyar gwaji ka yi masa alama a kunne ko a baya, ka lissafa nasa kwanakin daban, kada ya bi 'yan'uwansa mota sai sun cika.